Ƙunshin Ranar Litinin

Shekara ashirin da uku Gwaggo ta yi tana wanke kwalabe a ɗakin gwaji na wani kamfani mai haɗa ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya a asibiti. Aikin shara aka ɗauke ta. Wata rana mai wankin ya tafi ganin gida bai dawo ba, aka ce ta riƙe na mako guda. Makon nan har yau bai ƙare ba.

Ɗakinta yana ƙarshen baranda: famfo biyu, tukunyar tururi, da tanderun lantarki mai ƙofar ƙarfe. Kwalaben ba su fi ɗan yatsa ba. Takan wanke su, ta ɗauraye sau bakwai, ta naɗe goma-goma cikin takardar alminiyam, ta gasa awa uku a zafin digiri ɗari biyu da hamsin. Duk sabon ma'aikacin da ya tambaye ta me ya sa tururi bai isa ba, amsa ɗaya take ba shi: "Tururi yana kashe ƙwayar cuta, amma gawarta tana barin dafi. Shi kuwa dafin nan sai wuta." In ya shiga jijiyar mutum, sai zazzaɓi da rawar ɗari. Ƙaramin yaro ma yana iya rasa ransa.

'Ya'yanta huɗu. Na biyun ya rasu yana da shekara huɗu, a gadon asibiti, da allurar ƙarin ruwa a hannunsa. Ba ta taɓa cewa ruwan ne ba, domin ba ta sani ba. Ba ta kuma yin maganar a wurin aiki.

Tana da wata al'ada da ba wanda ya sa ta. Daga kowane gashi takan ware ƙunshi ɗaya, ta rubuta kwanan wata a kai, ta ajiye a kabad har wata guda. Malamar gwaji, wadda sa'ar autarta ce, takan tsokane ta: "Gwaggo, wannan tarin na wace amaryar ne?"

"Naki ne, in kin samu mai haƙurin zama da ke."

Wata Laraba aka kawo samfurin sabon haɗi, leda dubu shida da ke jiran a fitar. Gwajin ba shi da wuyar fahimta. Ana zuba ɗan ruwan a kwalba, a haɗa da wani magani da ake samu daga jinin wata halittar teku, a bar shi awa ɗaya a ɗumin jikin mutum, sannan a kifa kwalbar. In ya zubo, ruwa lafiya lau. In ya daskare ya maƙale a gindi, akwai dafi. Malama ta kifa, bai zubo ba. Ta sake wani, haka nan.

Manaja ya sauko da kansa. Motar ɗaukar kaya tana tsakar gida tun safe.

"Ruwanmu bai taɓa faɗuwa gwaji ba," in ji shi. "Kwalaben ne. Na wace ranar ne?"

"Gashin Litinin ne, ranka ya daɗe," in ji Malama.

"To shi ke nan. Gwaggo shekaru sun ja, ido ya yi rauni. Ba laifi ba ne. Ki rubuta cewa kwalba ce ta ɓata gwaji, mota ta tashi. Ita kuma a nema mata abin da ya fi sauƙi."

Gwaggo tana bakin ƙofa riƙe da tire. Ta san ma'anar abin da ya fi sauƙi: tsintsiya. Ta kuma san inda ledojin za su. Ta ajiye tiren a hankali.

"Yallaɓai, idona ya yi rauni, gaskiya ne. Amma ba da ido nake gasa kwalba ba. A ba ni awa ɗaya."

"Awa ɗaya ta me?"

Ta je kabad ta dawo da ƙunshi mai rubutun Litinin, ba a taɓa buɗe shi ba. "Tare suka shiga wuta da waɗancan, tare suka fito. 'Yar nan, zuba ruwan gwaji mai tsabta a biyar, ruwan Yallaɓai a biyar. Shi zai zaɓi wacce za a zuba wa wanne, kada a ce na yi musu tofi."

Manaja ya yi tsaki, amma ya nuna da yatsa.

Awar ta yi tsawo. Direba ya danna oda sau biyu. Gwaggo ta zauna a kan kujerar roba, hannuwanta a cinya. Ta yarda da tanderunta, amma ta san ƙarfe ma yana tsufa, kuma in ko ɗaya daga cikin biyar ɗin farko ta daskare, ba ta da abin cewa.

Malama ta ɗauko ta farko, ta kifa. Ya zubo. Ta biyu, ta uku, har biyar, duk suka zubo. Ta koma kan na ruwan haɗin. Biyar ɗin nan suka tsaya a kife, ko ɗigo.

"Allahu akbar," in ji Malama.

Manaja ya daɗe yana kallon kwalaben. Sannan ya leƙa taga ya ce wa direba ya kashe mota.

Da yamma masu gyara suka kwance bututun da ke kai ruwa tankin haɗi. A wani lanƙwasa da ruwa ke kwana suka tarar da yauƙi ya yi kauri. Aka huda ledojin nan dubu shida, aka zubar a magudana.

Washegari Manaja ya zo ɗakin wanki, abin da bai taɓa yi ba. Ya yi sallama, ya sa ƙafa.

"Tsaya nan, Yallaɓai. Ba ka da hular aiki."

Ya ja da baya, ya tsaya a bakin ƙofa. "Gwaggo, na yi miki ba daidai ba. Ki yafe ni."

"Na yafe. Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ta ci gaba da ɗauraya. Da ta ga bai tafi ba, sai ta ɗago kai. "Tunda ka zo, robar ƙofar tanderun nan ta fara sakewa. Sau uku ina faɗa."

"Yau za a canja."

"Kafin azahar," in ji Gwaggo. "Ina da gashin kwalabe ƙarfe biyu."