Kwabon da na tono a kufai

Jama'a, abin da zan faɗa muku a kaina ya faru, kuma Allah shi ne shaidata ban ƙara ko gishiri ba. Shekarun baya ne, lokacin ina gyaran sikeli a kasuwar Dawanau, sai na ɗauko wa kaina wata ɗabi'a da ta sa abokaina suke kirana mai neman tukunyar aljanu. Wata tsohuwar na'urar neman ƙarfe na saya gwanjo, irin wadda ake share ƙasa da ita, in ta hau kan ƙarfe ta yi ƙara. In an gama girbi sai in hau babur in bi ƙauyukan tsakanin Tofa da Bici, in roƙi mai gona izini, in yi ta yawo tsakanin kunyoyin gonar. Yawanci ƙusa nake samu da marfin kwalba, amma jefi-jefi in dace da anini ko sisin da, kuma ni wallahi wankinsu ma ya fi mini daɗi, yadda za ka jiƙa abu baƙi ƙirin a ruwan tsamiya, ka bi shi da toka da tsohon buroshi, sai ka ga rubutu yana fitowa.

Wata rana da hantsi na shiga gonar wani dattijo, Baba Ɗanlami, wadda kana gani ka san kufai ce, don ƙasarta baƙa ce ga tsingaro ko'ina. Kusa da wata kuka na'ura ta yi ƙara, na tona kamar kamu ɗaya, sai ga kwabo mai huji ya yi kore shar, da ɗan ruɓaɓɓen zare a hujinsa. Na jefa aljihu ina murna.

A gida na wanke shi tas har tauraron jikinsa ya fito, na ajiye a faranti kan taga. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ɗumi. Kwabon nan ko daga ruwan randa ka tsamo shi, da ka riƙe sai ka ji shi da ɗumi kamar yanzu aka cire shi daga jikin mutum. Na ce ƙila hannuna ne, na share.

To a lokacin matata Hadiza tana jegon 'yarmu ta fari, Ummi, ko arba'in ba su yi ba. Yarinyar da take tsotso kamar za ta haɗiye uwar, sai kawai ta ƙi mama. A sa mata ta kau da kai ta bi taga da ido, ba zazzaɓi, ba kuka sosai, sai ramewa. Muka kai ta asibiti aka duba, aka ba mu magani, babu canji. Ban taɓa jin tsoro irin na kwanakin nan ba, don ina kallon wuyan 'yata yana sirancewa.

Mahaifiyata ta zo dubiya, tana shiga ɗaki idonta ya faɗa kan farantin. Ta ɗauki kwabon, ta yi saurin ajiyewa.

"Kai, ina ka samo wannan?"

Na gaya mata, har da zancen zaren.

Ta yi salati ta ce, "Wannan ai ba kuɗin kashewa ba ne. Kwabon cibi ne, da shi ake ɗaure wa jariri cibiya in ta ɓullo. Kuma a da, jariri in ya koma, ba a kai shi maƙabarta, a bayan ɗakin uwarsa ake sa shi. Ka mayar masa da abinsa yau ɗin nan."

Na ɗauki kwabon. Na hau babur da rana tsaka na koma, Baba Ɗanlami ya rako ni yana tambayar lafiya. Na sa kwabon a raminsa, na rufe, na yi addu'a. Da zan tafi sai na kunna na'urar, ni ma ban san dalili ba, na ɗan matsa gefe taku guda. Ta yi ƙara. Na ƙara matsawa, ta sake yi. Haka ta yi ta yi a jere, layi ɗaya miƙaƙƙe, tazara kaɗan-kaɗan, har na kashe ta.

Baba Ɗanlami ya bi layin da kallo ya ce, "Ikon Allah. Ina yaro an ce matar gidan da yake nan wabi take yi, tana haihuwa 'ya'yan suna komawa, shi ya sa mutanen gidan suka tashi. Ni ko sunanta ban sani ba, ga shi ina ta noma a kansu."

Da na iso gida na tarar da Ummi manne da uwarta tana tsotso har da gumi a goshi, Hadiza tana hawaye tana dariya, ta ce tun wajen azahar ta kama. Ni dai ban ce kwabo yana da ikon komai ba, wataƙila maganin asibiti ne ya yi aiki a ranar, Allah ne masani. Na ba mahaifiyata labarin layin da na samu, ta tambaye ni su nawa ne, na ce ban iya ƙirgawa ba. Sai ta ce, "Allah ya jiƙan uwarsu."

Har yau in na tuna ƙarar nan, matar nake tunani, yadda kowane ɗaya sai da ta ɗaure masa kwabo tana sa rai zai zauna. Don haka ku masu irin wannan yawo, in kun tono kwabo a kufai kuka ga zare a hujinsa, don Allah ku mayar ku rufe, ku yi wa uwar addu'a, ku wuce.