Ranar da Na Shiga Rufewar Mijina

Daga Karare aka kai ni aure Yasore, tun ba a san Nasara ba a ƙasar Katsina. Ina kwana uku a gidan, uwar mijina ta kama hannuna ta kai ni bayan ɗaki, ta nuna mini rufewar ɗanta, rumbun laka, zaune bisa duwatsu, da hular jinka a kanta. Ta ce, "Kin ga wagga? Cikin maigida ce. Abin da ya ɗebo ya ba ki, shi za ki daka. Ba ki hawa, ba ki leƙe, ba ki tambaya." Na ce to. Shekara tara ina riƙe da to ɗin nan, ko inuwar tsani ban taka ba.

Amma masara ba gero ba ce, kuma duk wanda ya tashi gidan ubana ya san haka. Gero da kaka ake yankansa, rana ta riga ta gasa shi a tsaye. Ita kuwa masara tsakiyar damina take zuwa, lokacin da yunwa ta fi cizo, da ruwanta a jiki. A gidanmu gofa shida ake kafawa, itatuwa masu baki biyu, a gitta sanduna, a ɗora ɗan rufin ciyawa sama, a buɗe ɓawon a ƙulla goyo biyu-biyu a rataya, iska na ratsawa ta ko'ina. Ta iri kuma a rataye ta bisa murhu, hayaƙi ya hana ƙwaro. Sai ka ciji ƙwaya ta ce ƙas a haƙori, sannan a yi zancen rumbu.

Shekara biyu kafin abin da zan faɗa, mijina ya fita daga gandun yayansa ya tsaya da ƙafarsa. Yayan bai so ba. A gaban mutane ya ce masa, "Tafi. Za ka dawo da ƙwarya a hannu." Damina ta biyu gero bai yi ba, amma ni ban ga alamar komai ba, kullum ana auno mini abin dakawa. Da ruwa ya sake zagayowa masarar bayan gida ta yi kyau ƙwarai, don Fulani sun sauka a wurin da rani sun bar taki. Mijina ya karye ta rana ɗaya, ko shanya bai yi ba, ya zuba ta cikin rufewa da ɓawonta, ya kwaɓa laka ya yaɓe bakin.

Na ce, "Maigida, ba ta bushe ba fa."

Ya ce, "Wa ya tambaye ki?"

Bayan kwana biyu aka zo kiran aikin ganuwa a Batsari. Ruwa ya kwashe gefe guda, ga tsoron mahara daga arewa, kowane gida sai ya ba da namiji. Ya ware mini abin da zai kai mu kwana goma, ni da 'ya'ya uku da tsohuwa uwarsa, ya saɓi galma ya tafi.

Kwana na biyar da safe na bi ta bayan ɗaki, wani tsami ya bugi hancina kamar gasarar da ta kwana uku. An yi ruwa da asuba, ko'ina sanyi, amma da na ɗora tafin hannuna a jikin rufewa sai na ji ɗumi irin na mai zazzaɓi. Masara tana dahuwa a ciki. Gero kuwa da sauran wata guda da 'yan kwanaki kafin ya nuna. Idan ta ruɓe, me yara za su ci?

Na gaya wa tsohuwa. Ta taɓa, ta janye hannu, ta ce, "Allah shi kyauta. Jira shi." Na wuce gidan yayan. Mutumin nan shekara tara ban kalli fuskarsa ba, in na hango shi a hanya sai in ratse. Na durƙusa bakin zaure na gaishe shi har gaisuwa ta ƙare, sannan na ce, "Yaya, masarar ƙanenka tana ruɓewa cikin rufewa. A taimaka a buɗe."

Ya ce, "Ni na yaɓe ta? Wanda ya ce ya isa gida, shi ya san bakin rumbunsa. In na fasa, gobe a ce na shiga hatsin ƙanena."

"Kafin shi dawo ta zama taki, Yaya."

"To ba ga gero nan a ƙasan masarar ba? Ai ya ce yana da sauran gero. Tashi ki ba ni wuri."

Na tashi. Ban koma ɗaki na yi kuka ba, kuka ba ya busar da hatsi. Da hantsi rana ta buɗe. Na shimfiɗa zana biyu gindin rufewa, na jingina tsani, na ɗaure zane tamau, na hau. Na ture hular jinka ta faɗi ƙasa, na sa taɓarya na fasa yaɓen, na ɗauke murfi.

Matar maƙeri, maƙwabciyarmu, ta leƙo ta kan danga. "La ilaha illallahu! Ke 'yar Karare, gemu ya fito miki ne?"

Na ce, "In ya fito zan ara miki ki kai wa naki. Shigo ki tsince mini."

Ta shigo tana dariya tana salati.

Na zura ƙafa na dira ciki. Zafi da wari suka rufe ni har idona ya yi ruwa. Goyon sama sun yi baƙi, wasu sun yi fumfuna, wasu har sun fara tsiro. Na dinga jefowa waje, ita tana warewa. Ban yi nisa ba ƙafata ta burma. Na sa hannu na laluba: kara ne. Guntayen kara da ƙaiƙayi, an danna su tun daga gindi har tsakiya, sannan aka zuba masara a kai. Gero ko zangarniya ɗaya babu. Na tsaya cikin duhun nan na gane komai. Ya ɗora ta danya ne don rufewa ta cika, don kada yayansa ya ga hula a tuɓe, alamar rumbu ba komai, ya san gidan ya ƙare. Abin da ake auno mini watannin nan, Allah kaɗai ya san inda yake samo shi.

Ina nan na ji muryar yayan a waje, labari ya kai masa. "Tir! A gidan ubanmu? Mace cikin rumbu da rana tsaka?" Ya yi ta yi, ni kuwa ina ta jifa. Da ya gaji ya ce, "To, tunda kin riga kin zubar da mutunci, geron fa? Ya jiƙe?"

Na leƙo da kaina, na dube shi ido cikin ido, karon farko a duniya. Na ce, "Gero lafiya lau, Yaya. Ruwa bai kai gare shi ba."

Na fito, na mayar da murfi, na kwaɓa laka na yaɓe da hannuna, muka ɗaga hular muka ɗora. Da la'asar na ari gatarin maƙeri na saro gofa shida a bakin rafi, na kafa su tsakar gida inda kowa zai gani. Tsohuwa ta jawo tabarma ta zauna tana ƙulla goyo biyu-biyu tana miƙo mini. Kashi ɗaya cikin uku ya lalace, ko awaki shinshinawa suka yi suka bari. Sauran ya rataya, iska ta shiga aikinta.

Mijina ya dawo kwana na goma sha ɗaya, ƙafa duk laka. Tun a hanya an gaya masa. Ya tsaya ya dubi masarar a rataye, ya dubi rufewa, ya kira ni ɗaki.

"Mi kika gani?"

"Na ga masara tana ruɓewa."

"Sai mi?"

"Sai abin da ka sani."

"Wa kika gaya wa?"

"In da na faɗa, da ka ji tun daga Batsari."

Na ɗauka zai ce madalla. Sai ya ce, "Tafi gidanku." Ba don yayansa ba ne, ba don bakin mutane ba. Ba ya iya cin tuwo ina kallonsa, ke nan.

Na goya ƙaramin na kama hanyar Karare. Ubana ya tambaye ni laifina, na ce na shiga rumbu. Ya ce don me, na ce masara. Ban ƙara ba. Gari ya ce ni mai ido ce, mai son sanin ƙwaƙwaf, mata suka dinga jan kunnen 'ya'yansu da ni. Su ce. Yarana biyu da na bari da tsohuwa da shi kansa, masarar nan suka ci har gero ya nuna, ba wanda ya je ƙofar wani.

Bayan an yanke gero ya zo biko. Ubana ya ce in ba shi haƙuri. Na ce ni ba ni da haƙurin da zan bayar, amma ina da magana ɗaya: masara tawa ce daga ranar da aka karye ta har ta bushe, in ta bushe ya kai inda ya ga dama. Ya ce ya ji. Muka koma tare, yana gaba ina baya.

Mun ƙara shekara ashirin da wani abu. Bai taɓa tayar da zancen ba, bai kuma yafe ba, na sani, don in ya zo auna mini hatsi ba ya haɗa ido da ni. Yayan ya mutu yana tsammanin akwai gero. Mijina ma ya bi shi, Allah ya jiƙansu. Gafararsa kan wannan ban roƙa ba yana raye, kuma da aka ce in roƙa gawarsa tana kwance, na yafe masa nawa na yi shiru.