Kina da Baƙo

"Ke, wancan tsohon na kan benci, wa yake jira ne kullum?"

"Budurwarsa."

"Allah ya shirye ki."

"Wallahi kuwa. Je ki tambaye shi, ce miki zai yi an kira ta, tana shiri."

"To wannan shiri ai ya fi na amarya. Tsaya in ɗauke shi a waya."

"Kul! Kaka na kallonki ta taga. Wadda ta gwada kwanan baya, a gabanta ta goge, ta kuma wanke matakala tun daga sama har ƙasa."

Kaka ta ji su. Babu maganar da ake yi a ƙofar gidan kwanan ɗalibai mata da ba ta faɗa kunnenta. Ɗan ɗakinta na nan a bakin shiga: taga mai sandunan ƙarfe, allon makullai, kujerar da aka ɗaure wa ƙafa da waya, sai teburin da gwiwar hannunta ta cinye wa fenti. Daga nan tana hango bencin, tana kuma hango tsohuwar lasifikar da ke manne a bangon tsakar gida, wadda tsuntsaye suka daɗe da mayarwa gidan haya.

Sunanta tare suka tsufa. Lokacin da ta zo tana budurwa, tana taya gwaggonta kula da gidan, 'Yar Taga ake ce mata. Waɗanda suka biyo baya suka ce Anti Taga. Da 'ya'yansu suka zo, ta koma Maman Taga. Na yanzu ba su da lokacin dogon suna, Kaka kawai.

A wancan zamanin akwai jan layi na fenti a bakin ƙofa, namiji ba ya tsallake shi ko da gini na cin wuta. Sai ya zo taga, ya faɗi sunan wadda yake nema. 'Yar Taga ta danna maɓalli, lasifika ta yi kaki, sannan muryarta ta hau bene:

"Wance, kina da baƙooo."

Jan ƙarshen nan shi ne sana'arta. Gidan ya yi tsit, famfo ma kamar ya rage zuba. Daga nan sai aikin kunne, don daga ƙarar takalmi take karanta zancen. Wadda ta sauko da gudu ta tsaya a kwanar ƙarshe tana daidaita numfashi, wannan ta kamu. Mai jan silifa, yayanta ne ya kawo saƙo daga gida. Wadda kuwa aka ji ta ƙwas-ƙwas da takalmi mai tsini, to sallamar mutum ta zo yi.

Mata a kwalejin a lokacin da yatsu ake ƙirga su. Idan ɗaya ta shiga aji, maza su hau kiɗan tebur da fito har ta samu wurin zama. Kaka ba ta shafa wa wancan zamani zuma. Tana tune da wata doguwa mai son lissafi da aka zana a bangon ɗakin cin abinci, aka rubuta mata abin da ba ya maimaituwa. Yarinyar ta ɗaure akwatinta, ta miƙo makulli ta wannan tagar, ba a sake ganinta ba. Shi ya sa idan tsofaffin ɗalibai suka kawo ziyara da tumbinsu da motocinsu, suna cewa tsokanar zamaninsu mai tsabta ce, sai ta ce, "Ku da kuka yi dariyar ke nan. A tambayi wadda aka yi wa."

Amma akwai tsokanar da ita ma har yau take sa ta murmushi. Samari sun gane cewa idan layi ya yi tsawo, 'Yar Taga ba ta sauraron suna, daga kunne yake wucewa baki. Sai wani ya zo da fuskar mutanen kirki ya ce a kira masa ƙanwarsa. Ta danna maɓalli:

"Nakasa Barci, kina da baƙooo."

Kafin ta gane, dariya ta ɓarke daga hawa zuwa hawa. Wata rana kuma aka sa ta kira Kowa Tasauko, aka kuwa sauko. Matan ma ba su kwanta an taka su ba. Ruwan wanki na jiran duk wanda ya tsaya ƙasan baranda, kuma sun taɓa yafa wa sandar goge-goge gyale suka jingina a taga, wani bawan Allah ya yini yana rera mata waƙa.

Duk wannan tsiya shugaba ɗaya gare ta, wani siriri mai manyan kunnuwa da ake kira Sarkin Shaƙiyai. Shi ne ya sa wa akuya tabarau ya ɗaure ta a kujerar gaba a ajin tarihi. Malamin ya shigo, ya dube ta, ya ce, "Madalla, yau dai na samu mai saurare," ya ci gaba da darasinsa.

Wata la'asar Sarkin Shaƙiyai ya zo taga, riga a goge, gashi ya sha mai. Babu wanda ya san sunan 'Yar Taga na ainihi, amma shi ya taɓa jin gwaggonta ta kwaɗa mata kira cikin faɗa, ya adana. Ya faɗi sunan. Suna ne da mata da yawa ke amsawa, don haka ta kira ba tare da ta ɗaga kai ba. Shiru. Ta sake kira. Shiru.

"Ƙila sai an haɗa da na mahaifi," in ji shi, ya faɗa.

Ta danna, ta faɗi nata, ta kama na mahaifinta, ta kai rabi, ta tsaya. Yatsanta kuma ya manta ya saki maɓalli. Gidan kaf ya ji numfashinta a lasifika, ya ji muryarsa can ƙasa-ƙasa yana cewa, "Ina benci." Baranda ta cika da kawuna, shewa ta tashi. 'Yar Taga ta ja murfin tagar ta rufe garam, ta zauna a ƙasa ta rufe fuska. Shi kuwa ya zauna a benci har aka tashi baƙi. Ba ta fito ba.

Yadda aka kai ga aure, wannan hanya ce irin ta kowa: gwaggo ta yi fushi ta huce, manya suka shiga. Ya gama karatu ya samu aiki a laburaren kwalejin, mai ɗaure akuya ya koma mai cewa yara su yi shiru. Suka zauna a gidajen ma'aikata, bayan filin ƙwallo, suka haifi 'yarsu. Duk ran da suka saɓa, da abu ɗaya yake kashe faɗan:

"Ni fa har yau yarinyar da na sa a kira ba ta sauko ba. Wannan da nake zaune da ita, ta taga aka miƙo min."

"Sai ka koma ka jira ta, Malam."

"Zan koma kuwa."

Lasifikar ba rana ɗaya ta mutu ba. Waya ce ta shigo, sai saurayi ya tsaya a waje ya taɓa aljihu, a ji ƙara a sama. Layin taga ya riƙa gajarta har ya ƙare. Ƙafafu suka cinye jan fentin, ba wanda ya sake shafawa. Yanzu maza da mata tare suke zama a ɗakin hutu, kai da kai a kan kwamfuta ɗaya, ba mai fito, ba mai kiɗan tebur. Kaka ta ga ranar da mace ta ci zaɓen ƙungiyar ɗalibai, maza suka ɗauki jakarta. Ta ga wata a kan babur a ƙofar gidan maza tana danna oda, tana cewa, "In ba ka fito ba na tafi!" Abin na yi mata daɗi. Abin da ba ta so shi ne tsokanar yanzu ba ta da katanga. Da, dariya a tsakar gida take mutuwa. Yanzu yarinya ta zame a matakala da safe, kafin azahar kawunta na wani gari ya gani.

Shi kuma Malam, bayan ya ajiye aiki, abubuwa suka fara zame masa. Makulli a cikin buta. Gaisuwa ga mutanen da suka daɗe da rasuwa. Sai wata la'asar Kaka ta ɗaga kai ta gan shi a taga, riga a goge, ɗan sauran gashin ya sha mai.

"Sannu da aiki, Iya," in ji shi. "Don Allah a kira min wata."

Ya faɗi sunanta, ya haɗa da na mahaifinta, bai yi tuntuɓe ko a harafi ɗaya ba. Kaka ta dafe tebur.

"An kira. Je ka zauna."

"Ban ji ba."

"Ta ciki ake ji yanzu."

Tun daga ranar, kullum ne. Yana zama a bencin, hannuwa a kan gwiwa, ido a kan matakala. Rana na bi ta cikin kayan shanya tana zuba masa launi a jiki, kore ya wuce, ja ya zo, ƙamshin sabulu na saukowa daga baranda. Wani lokacin Kaka na kallonsa sai ta ji gidan ya cika da takalman da suka daɗe da tafiya, har da na doguwar nan mai lissafi, duk suna saukowa, babu mai isowa ƙasa. Idan ta tashi aiki ta ce, "Malam, mu je gida," sai ya ce, "Yi tafiyarki, Iya, ina jiran wata." Sai maigadi ya zo ya ce masa an bar laburare a buɗe, sannan ya miƙe, a lallaɓa da shi ta bayan filin ƙwallo.

'Yarsu ta bugo waya daga garin da take aure.

"Mama, ƙarshen makon nan zan zo in ɗauki Baba. Na gyara masa ɗaki."

"A benen nan naku? Ina zai zauna ya jira?"

"Jiran me, Mama? Mutumin da bai san ki ba, yaya za ki riƙe shi?"

"Ya san ni."

"Sunanki ya sani."

Kaka ta tsura wa bencin ido ta taga har 'yar ta ce, "Kina ji na?"

"In ya biyo ni gida da ƙafarsa fa, ba maigadi, ba dabara?"

"In ya bi ki, na bar miki shi."

Ana jibi 'yar za ta zo, da la'asar, bangon tsakar gida ya yi kaki. Kaka ta ɗauka kunnenta ne ke mata gizo. Sai ga murya ta cika gidan, an shaƙe ta an kwaikwayi shugaban kwaleji:

"Sanarwa! An ɗage jarrabawa saboda malamai ba su yi karatu ba!"

Ihu ya tashi a sama, ana buga bokiti. Kaka ba ta dubi sama ba, benci ta duba. Tun kakin farko Malam ya miƙe tsaye. Ya gyara wuyan riga, ya shafa kai, ya matso daidai inda jan layin yake a da, ya tsaya cak, yatsun ƙafarsa ba su tsallake ba. Fuskarsa ta koma ta saurayin nan mai ɗaure akuya.

Ba a sha wahalar gano mai laifi ba. Yarinya ɗaya ce a gidan ke yawo da sukuddireba a aljihun wando, ita ce kuma da safe ta jingina tsani a bangon ta ce igiyar shanya take gyarawa. Injiniya ake ce mata, lantarki take karanta. Kaka ta aika aka sauko da ita, waya a hannu, tana cizon leɓe.

"Kaka, wallahi wasa ne. Sheƙar tsuntsayen ma ban zubar ba, na mayar musu kan taga."

"Da me kika yi maganar?"

"Da wannan. Na haɗa ta da lasifikar ne kawai. Yanzu zan cire."

"In kika cire sai na saɓa miki. Daga nan ɗakin za ta yi?"

"Ko daga ina." Injiniya ta dubi allon makullai, ta dubi Kaka. "Ba za ki kai ni ofis ba?"

Kaka ta buɗe jakarta ta ciro takalman da take zuwa suna da biki da su, ta zare silifa ta saka. Ta warware gyale ta sake yafawa, ta tashi daga kujerar, ta nuna wa yarinyar.

"Zauna nan."

"A kujerarki?"

"Shekara nawa ina kiran 'ya'yan mutane, ni ban taɓa saukowa daga benen nan an kira ni ba. Zan hau, gwiwar nan sai a hankali, ki ba ni lokaci. Kuma ki gaya wa 'yan'uwanki, duk wadda ta ɗaga waya, ni da ita."

Injiniya ta leƙa ta taga ta ga tsohon a tsaye, ta juyo, dariyar ta bar fuskarta.

"Kaka, wa zan kira?"

"Kawo kunnenki."

Ta raɗa mata. Yarinyar ta maimaita da leɓe, ba sauti. Kaka ta kai bakin ƙofa, ta dafa bango, ta waiwayo.

"In kin ga na kai hawa na farko, ki kira. Ki haɗa da na mahaifina, ki faɗe shi duka, kar ki tsaya a rabi. Kuma don Allah, 'yar nan, ki ja ƙarshen."