Taswirar 'Yan Aji Biyu

Shekara ashirin da shida Estere Nambewe ta yi tana koyar da 'yan aji biyu a firamaren Likhanya, can gindin dutsen Mulanje. Gajeriyar mace ce mai faɗa, Allah bai ba ta haihuwa ba, hukuma ma ba ta taɓa tunawa da ita wajen ƙarin girma ba. Da taswira aka san ta. Duk shekara kafin damina ta sauka sai ta kwashi yaranta su bi gari gida-gida. Daga gindin mangwaron makaranta ake farawa. Yaron da za a je gidansu ya shige gaba, ita tana gefensa, sauran suna ƙirga takunsa da ƙarfi har ƙofar uwarsa. In sun dawo aji ya zana gidan a takardar buhun siminti, ya ja layi daga mangwaro, ita kuma ta rubuta adadin takun a jikin layin.

Mutanen gari sun mai da abin na dariya. Mata masu dawowa daga tsinkar ganyen shayi sukan ce, "Malama, yau kuma gidan wa ya ɓata?"

Ita kuwa ba ta barin ta kwana. "Na mijinki. Kwana uku yana nema, kullum sai ya ɓulla gidan giya."

A shekarar da nake ba da labari, sai da aka yi kwana huɗu ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, har aka rufe makaranta aka ce kowane yaro ya zauna gida. Ranar Litinin da hantsi gefen dutsen ya zabtaro. Laka da duwatsu suka shafe rabin garin, babu hanya, babu bishiya, babu abin da mutum zai nuna ya ce nan ne gidana. Makaranta ta tsira don tana kan tudu. Cikin yaran Nambewe arba'in da ɗaya, goma sha bakwai suna ƙarƙashin lakar.

Jami'ai suka zo da manyan takalma, suka duba, suka ce an ba mutane zuwa Asabar su tono nasu. Bayan nan za a yi wa wurin addu'a a bar shi kabari ɗaya.

Makwinja, mai gadi a gonar shayi, yana bakin aiki abin ya faru, ya rasa matarsa da 'yarsa Tadala. Shi ya tuna da taswirar, ya je ya ciro ta daga bangon aji. Layin Tadala an rubuta masa ɗari huɗu da sha biyu. Ya ƙirga daga mangwaro, shi da surukansa suka yi kwana biyu suna haƙa, ba su sami komai ba sai dutse.

Nambewe tana kwance a coci tare da waɗanda suka tsira, ko tuwon masarar da ake rabawa ba ta iya haɗiya. Baƙin ciki ya gama da ita. Ranar Juma'a da safe Makwinja ya shigo, laka har gwiwa, ya shimfiɗa mata takardar.

"Malama, ashe ƙirgar taku wasa ce kawai?"

Ta tambaye shi wa ya taka. Ya ce shi. Ta dubi dogayen ƙafafunsa ta daɗe.

"Baban Tadala, shekararta bakwai fa."

Wani ya ce a samo yaro sa'arta ya taka musu. Nambewe ta tashi zaune, ta ce duk wanda ya sa ɗan ajinta tafiya a kan 'yan'uwansa, da ita zai yi. Ta ɗaura zaninta ta fita ba takalmi.

Shekara ashirin da shida tana rage takunta don ya yi daidai da na yara, ƙafarta ta san awon. Ta tsaya gindin mangwaro, ta daidaita layin da tsagar dutsen da yarinyar ta zana a bayan gidansu, ta fara. Tana ƙirgawa a fili, ƙarti suna biye da ita da shebur. Inda ta tsaya ko kusa da ramin Makwinja bai kai ba. Kafin azahar shebur ya bugi kwanon rufi. Uwar da 'yar suna ɗaki ɗaya.

Da ta waiwaya sai ta ga mutane sun yi layi a gindin mangwaro, kowa na jiran ya ɗora yatsa a kan gidan ɗansa a jikin taswirar. Ta koma ta sake farawa. Ta yini tana tafiyar yara a laka, tana kiran sunan kowane kafin ta ɗaga ƙafa. Dagaci ya roƙe ta ta huta ko ruwa ta sha, ta ce masa saura shida.

Asabar da safe tana kan layin wani yaro Limbani, wanda kakarsa kaɗai ta tsira a gidansu, sai fada, limamin cocin, ya iso da jami'ai aka soma waƙar addu'a. Nambewe ba ta tsaya ba. Ta kai ƙarshen ƙirgarta, ta dafe wurin da ƙafa, ta juya ta ce, "Nan ne."

Tsohuwar kakarsa ce kawai a bayanta. Maza duk sun ajiye shebur sun cire huluna don addu'ar.