Biyu Cikin Goma Sha Takwas

Wata Talata a ƙarshen daminar 1974, da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, mu talatin da shida ne a aji uku na makarantarmu ta kwana, da malamin da aka aro daga labarin ƙasa ya riƙe mana kimiyya. Ya shigo da takardun jarrabawar da za ta raba mu gida biyu, masu shiga ajin kimiyya da masu tafiya adabi. Tawa ya fara ɗagawa. Sifiri ne, da jan biro.

Tambayar farko ita ce: a nauyin ruwa, kashi nawa cikin ɗari ne haidirojin? Malam ya ce ƙwayar haidirojin biyu ce, ta oksijin ɗaya, saboda haka biyu cikin uku, kashi sittin da bakwai. Ni kuwa na rubuta goma sha ɗaya. Nauyin kowace haidirojin ɗaya ne, na oksijin goma sha shida; a haɗa, goma sha takwas. Biyu cikin goma sha takwas kenan. Sauran tambayoyin duk haka na bi da su, duk kuma ya soke.

Ba a aji na fara sanin wannan ba. A gidanmu na Toranke, da kaka, mu yara muke ɓarar gyaɗa a tsakar gida, muna wasan canke da ƙwaya a dunƙulen hannu, ɓawo yana taruwa har ya fi tsabar tudu. Sai Baba ya ɗora buhunan a jaki mu tafi Ajingi wurin sikeli. Tun ina ƙarami na ga buhu biyu na ɓawo ba su kama ƙafar buhu ɗaya na tsaba ba. Baba yakan ce, "Ido yana ƙidaya, sikeli yana faɗin gaskiya."

Na miƙe a aji na faɗi haka cikin ladabi, na roƙi a buɗe littafin kimiyya, wanda kwafi ɗaya ne tak, a kulle cikin kabad, makullin yana aljihun Malam. Ya dube ni ya ce, "Ɗan gyaɗa, da ilimin jaki za ka gyara mini?" Aji ya yi dariya, aka yi mini bulala shida. Bulalar ta daɗe da warkewa. Abin da har yau yake tafasa mini zuciya shi ne kabad ɗin nan, taku uku daga inda yake tsaye, da yara talatin da biyar da suka kwafe sittin da bakwai suka ci.

Yanzu jikata takan latsa waya, amsa ta fito kafin malami ya juya, babu mai iya kulle mata ita. Ina taya ta murna, ina kuma kewar tsakar gidan da ya koya mini awo. A Janairun da ya biyo baya aka sa sunana a ajin adabi, ban sake shiga ɗakin gwaji ba.