Kwaɗon Cikin Kabeji

Shekarata ta huɗu a Jidda na samu aiki a wani ɗakin sanyi kusa da tashar jiragen ruwa. Kayan lambu muke saukewa daga kwantena mu jera a ciki. A waje rana na dukan mutum, a ciki kuwa sai da rigar sanyi da safar hannu.

Wata safiya ina tsince ruɓaɓɓen ganye daga kwandon kabeji sai na ga ɗan kwaɗo maƙale a ciki, bai wuce babban yatsana ba. Ya naɗe ƙafafu, idanu a rufe, jikin nan sanyi ƙalau. Na taɓa shi, ko motsi. Har na nufi kwandon shara da shi, abokin aikina ya riƙe min hannu. Dattijo ne daga wata ƙasa mai duwatsu da dusar ƙanƙara, da guntun Larabcinmu muke fahimtar juna.

"Bai mutu ba," in ji shi. "Barci yake."

Ya sa na ajiye shi a kofin shayi da ɗan ruwa, a bakin ƙofa inda sanyi bai kai ba, rana ma ba ta kai ba. Na bi umarninsa don dai girmansa.

Muna cin abinci ya ba ni labari. Ya ce a ƙauyensu in hunturu ya shigo, kwaɗi kan nutse ƙasan tafki su lafe a laka, wasu su shige rami. Ba ci, ba kuka, zuciya na bugawa jefi-jefi, ta fata suke samun iska. Saman ruwan ya daskare har a yi tafiya a kai, su suna nan ƙasa. Ya ce ya ji akwai waɗanda jikinsu ke ƙanƙarewa, bazara ta zo su narke su tashi, amma shi bai gani da idonsa ba. Na tambaye shi yadda kwaɗon ke sanin lokacin tashi ya yi. Ya ce wannan kam sai Allah.

Kafin azahar maƙogwaron kwaɗon ya fara motsi. Ya buɗe ido ɗaya, can ya buɗe ɗayan. Bayan la'asar na tarar da kofin babu kowa, kwaɗon yana bayan tsintsiya.

Na kai shi gida a unguwar Sa'alaba cikin gwangwani. Matata ta ce sam, ba a ɗakinta ba. Kwana uku ya yi a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, inda ruwa ke ɗiga, sannan na kai wa wani mai rainon furanni, ya sake shi cikin tukwanensa.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne tafkin garinmu. Da rani yakan ƙafe har ƙasa ta tsattsage, amma ruwan farko na sauka kwaɗi su cika gari da kuka. Na girma ban taɓa tambayar inda suka fito ba. Ran Juma'a na kira mahaifiyata. Ta ce ai cikin ƙasa suke binne kansu, ta sha tono su in ta je ɗibar yumɓu, sai ta mayar ta rufe.

"Inna, ba ki taɓa faɗa min ba."

"Ka taɓa tambaya ne? Kai da ke kusa da Ɗakin Allah, ka rasa abin da za ka kira ni a kai sai kwaɗo."