Ruwan Kaɗe a Fangalin Hajaru

Ranar nan ta ƙi fita raina. Mu huɗu ne a rumfar da muke man kaɗe a bayan Kebbe: ni da nake uwar aiki, da Ige mai suyar ƙwarar kaɗanya, da Kulu, sai Hajaru, sabuwar cikinmu, wadda ta fita takaba da damina.

Ga wanda bai sani ba, in anka soya ƙwara anka niƙa, da hannu ake cuɗa ta cikin ruwa har mai ya taso a kwashe. Ruwan da ya rage baƙi ne, mai kauri. Bayan rumfa muke zubar da shi tun iyayenmu, kuma ba a taɓa faɗin dalili ba.

Hajaru ta yafa irin albasa a fangali kusa da mu. Fangalin nan kaɗai mijinta ya bar mata. Kwanaki sunka wuce, na maƙwabta ya yi kore, nata ko tsinke. Rannan ta shigo ta tsaya kan Kulu.

"Ke kika wuce kika ce fangalin ga ya yi kyau, ba ki ce tubarkalla ba!"

Kulu ta ɗauraye hannu. "Bakina ke kashe albasa? Da tuni na kashe gyambon ƙafata. Inna, na bar aikin ga."

Bayana na ciwo, ga man kaɗe bisa wuta. Na ce, "Hajaru, da wane ruwa kike ban ruwa?"

"Da wanda muke zubarwa, Inna. Rijiya da nisa. Na gan shi baƙi kamar taki, kuma abin da muke ci ne."

Na ja su bayan rumfa. Ko'ina ciyawa har gwiwa, amma inda ruwan ke kwanciya ƙasa ce ƙwal.

"Wa ya yi wa nan baki?" na ce. "Akwai ɗaci cikin ƙwara da ke hana iri buɗe ido."

Hajaru ta durƙusa tana taɓa ƙasar. Ba ta yi kuka ba. Kulu ta koma bakin ƙwaryar aikinta.

A sana'ar ga muna koya wa sabuwa abin da ake kwashewa, mu manta da abin da ake zubarwa.

Da safe na kwance ƙullin irin albasar da na ajiye, na raba biyu, rabi na Hajaru, na aza tulu na nufi rijiya in ɗebo wa fangalinta ruwa. Na tarar da Kulu can, tana jan guga tana mita.